Abin da Ka Koya wa Motar Wani

Tsafe, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Murtala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta same ka lafiya, kai da yayarka Saratu da maigidanta can Gusau. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka bisa hanya, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, amin.

Hannuna ne wanga, ban sa kowa ya rubuta mini ba. Ka san ban yi boko ba. A jikin manyan motoci na koyi baƙaƙe, sai ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci kafin in yi faɗa da malamin in bari. In ka ga harafi ya karkace, ka daidaita shi a ranka.

Jibi Asabar za ka tafi Abuja ka kama aikin tuƙi a kamfani, kuma yau kwana huɗu ke nan ba ka kwana gidan ubanka ba. Ba sai na tuna maka dalili ba, amma zan rubuta shi don kada wani ya sauya maganar. Ran Lahadi na fito da 'yar na'urata mai nuna hanya, wadda nake liƙawa a gilashin mota, na goge ta, na naɗe wayar cajinta, na miƙa maka gaban innarka. Ka dube ta ka yi 'yar dariya, ka ce, "Baba, ai motar da za a ba ni tana da tata a jiki. Wagga ta tsufa, ka bar abarka." Ni kuma na ce, "To, tunda mota ta san hanya, sai ka je motar ta sa maka albarka." Ka ɗauki jaka ka fita. Tun ranar innarka tuwo kawai take ajiye mini, ba magana.

Dariyarka ba daidai ba ce, kuma har yanzu tana ci mini rai. Amma shekara arba'in na yi riƙe da sitiyari, na zauna da ta jikin mota, na zauna da ta liƙawa, kowacce ta kunyata ni, kuma galibi da hannuna. Ka karanta daki-daki. Kada ka tsallake zuwa ƙasa don ka ga ko tsoho ya sauko.

Motar farko da na mallaka 'yar Kwatano ce. Biyu dillali ya nuna mini a Gusau. Ɗaya injinta ya fi lafiya, na ji da kunnena. Ɗayar kuwa tana da allo a gaba, in ka tada ta sai ya haska, taswira ta fito, wata mata ta yi magana daga ciki. Na bar mai lafiya na ɗauki mai allo, don a tashar Tsafe duka babu mai irinta. Sai da na kawo ta gida na lura taswirar ba ta ƙasarmu ba ce. Garuruwan Turawa ne, da koguna da layin dogo. Kibiyar da ke nuna inda nake kuwa tana zaune a fili fari fat, ba titi ba gari, kamar an jefa ni bayan duniya. Na kai wa mai gyara, ya ce taswirar tana cikin wani faifai da ba a samunsa nan kusa. Na ce to a cire allon. Ya ce in an cire, rediyo da iskar sanyi za su bi shi, don duk uwarsu ɗaya.

Kamata ya yi in ce an cuce ni, in kashe muryar in huta. Ban yi ba. Kullum in munka bar tasha sai matar ta soma, da wani yaren da ko Turanci ba shi ba ne. Fasinja su ce, "Direba, Hajiyarka na magana, mi ta ce?" Ni kuma in gyara hula in ce, "Ta ce hanya lafiya lau." Shekara biyu ina fassara abin da ban ji ba. Rannan na ɗauko wani malami da ya yi karatu a can ƙasar, yana zaune gidan gaba. Ta yi magana, wata mai goro a baya ta tambaya, na ba da amsata ta kullum. Malamin ya yi ta riƙe dariya har ya kasa, ya ce, "Malam Haruna, ka yi haƙuri, cewa take yi ka juya da mota in ka samu wuri. Tun daga Tsafe take roƙonka." Mota ta ɗauki dariya. Mai goron ta ce, "Ashe baiwar Allah gida take son komawa, ka riƙe ta ba sadaki!" Har na sayar da motar 'yan kamasho ba su daina kirana Mijin Baturiya ba, kuma akwai wanda ban yafe wa ba har gobe.

Saboda haka ranar da anka miƙa maka makulli, kada hasken allo ya ɗauke maka ido. Ka zauna ka gwada ta da garuruwa uku da ka sani kamar tafin hannunka. In ta kawo su daidai, to. In ta kawo shirme, ka faɗa wa masu motar tun ranar, da bakinka. Kuma abin da ba ka ji ba, kada ka fassara wa kowa. "Ban sani ba" ba ta taɓa kashe direba ba.

Bayan na sayar da waccan, na yi wa wani Alhaji mai sayen hatsi a Gusau tuƙi shekara bakwai. Ba zan rubuta sunansa ba, ka san shi. Motarsa sabuwa ce fil, kuma tata taswirar ta ƙasarmu ce. A nan zan yi maka adalci, ko da yake kai ba ka yi mini ba: ta jikin mota tana da daɗi. Allonta babba, rana ba ta kashe haskensa, ba waya tana reto a gabanka, ba ta faɗuwa, ɓarawo ba ya zare ta ya sa aljihu. Na so ta. Abin da ya ja mini ke nan.

Tun a shekarar farko ta nuna mini halina. Ana jibi Babbar Sallah Alhaji ya sa anka ɗaure raguna biyu a bayan mota, ya ce, "Haruna, ka kai wa surukina a Tudun Wada, in ka isa ka tambayi gidan mai injin niƙa." Na san ba ta Gusau yake nufi ba, don ya ba ni mai na tafiya mai nisa. Amma wace? Ban tambaya ba. Akwai mutane zaune a wurin, ba na son a ce tsohon direba yana tambayar hanya. Na rubuta Tudun Wada a allo, sai ga su sun jeru kamar masu jiran awo. Na danna wadda idona ya fara sauka kanta. Na bi kibiya, na wuce Funtuwa, na ratsa Zariya, na yi gabas, har na isa wata Tudun Wada a ƙasar Kano. Masu injin niƙa uku na samu, ba wanda ya taɓa jin sunan Alhaji. Ashe ta Zariya ce, na wuce ta gefenta tun da hantsi. Na komo da la'asar sakaliya, raguna sun galabaita, ɗaya ko tsayuwa ba ya yi. Surukin ya dube su ya dube ni ya ce, "Malam, a ƙasa kunka taho?"

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, inda na ce nan ta kai ni. Ƙasarmu cike take da Tudun Wada da Sabon Gari da Unguwar Sarki. Kafin ka taɓa allo, ka tambayi wanda ya aike ka: wace, kusa da ina, wa zan samu. Ko gaban mutum ɗari ne.

Yanzu ga abin da ya fi zafi, wanda saboda shi na miƙa maka abin da ka yi wa dariya. Aikin Alhaji ba a kan kwalta yake ba. Ƙauyuka muke shiga, ta wajen Mada, ta bayan Bunguɗu, inda taswira ba ta san akwai mutane ba. Na gano cewa in ka tsaya wuri ka danna, tana riƙe wurin, har ka sa masa suna. Sai na shiga koya mata. Kwanar da ake barin titi a shiga gonaki. Mashigin da ake ƙetarewa da rani, wanda in damina ta yi sai an zagaya. Na sa musu sunaye irin nawa: Faci Nagari, Ruwan Alwala, Tuwo Mai Zafi, Yashi, Kar Ka Tsaya. Abin da na tara a kaina tun ina saurayi, da wanda na sha wuya na gano, duk na juye mata, kamar mai zuba hatsinsa a rumbun maƙwabci don ya fi nasa kyau.

Rannan muna dawowa da baƙinsa biyu a mota, Alhaji ya ce in bi ta wata hanya, na ce ba ta biyuwa. Ya sake faɗa. Da na yi shiru na bi wadda na sani, da ya gode mini daga baya. Sai na ce, "Alhaji, kai hatsi ka sani, hanya kuwa ka bar wa masu ita." Gaban baƙi. Gaskiya na faɗa, har yau ina nan a kanta, amma washegari da safe na tarar da makulli a hannun ƙanen matarsa, mutumin da bai san Mada gabas take ko yamma ba. Na ce a raina, sati ɗaya za su neme ni. Ba su neme ni ba. Mi zai sa? Ƙanen matar ya danna Faci Nagari ta kai shi, ya danna Yashi ya kauce. Masu sayar da hatsi sunka riƙa cewa sabon direban Alhaji akwai sanin daji.

Na koma na ce a ba ni wuraren da na sa, nawa ne. Ƙanen matar ya ce, "To Baba, ga sukuddireba, ciro abinka." Alhaji yana jin sa ya juya ya shige gida. Shekara bakwai, Murtala. Na fita gidan da hulata da buta.

Ka gane yanzu? Ta jikin mota ta mai mota ce. Duk abin da ka koya mata, shi ka koya wa. Kamfani zai yi maka fara'a, zai ba ka riga mai tambari, amma ranar da anka karɓi makulli, ko anka sauya maka mota, saninka yana can cikin waccan, wani na morarsa. Ban ce kada ka yi aiki da ita ba. Ka yi, ita ce ta fi sauƙin kallo. Amma duk wurin da ka sha wuya ka gano, ka sa shi a abin da zai sauka tare da kai, sannan ka sa shi a kanka, don shi kai ba a karɓe shi a bakin ƙofa. Za ka ce wayarka na yi. Tana yi inda akwai sabis. Wagga ba ruwanta da sabis, da tauraron sama take magana, kuma ba mai kiranka a cikinta ya rufe maka taswira kana tsakiyar shataletale. Na biyu kuma, ka riƙe bakinka gaban baƙin maigida. Wanga ban iya ba, ban ce kuma ka gado shi ba, amma ran Lahadi na ga alama.

Bayan Alhaji na koma haya, yau motar wanga gobe ta wancan, shi ne na sayi ta liƙawa wajen wani mai gyaran rediyo a Gusau. Kada ka ɗauka zan yabe ta kamar ba ta da aibi. Ranar farko na rubuta Tsafe, ta ce babu. Na sake, harafi-harafi, don sunan garinmu dai na iya shi. Babu. Na koma wa mai rediyo da faɗa, na ce ya sayar mini da abin da bai san garin da ke kan titin Funtuwa ba. Ya karɓa ya danna, sai ga garinmu. Na ce mi ka rubuta? Ya ce, "Chafe. Haka Turawa sunka rubuta tun da, ita kuma tsohuwar taswira ta bi." Na ce ni ba zan rubuta sunan garinmu da karkataccen bakin Bature ba. Na jefa ta cikin akwati wata huɗu. Wata huɗu ina fushi da abin da bai san ina yi ba, har na ɓata rabin yini a Kaduna ina neman wani asibiti da mara lafiya kwance a baya, abin da zai kai ni kuwa yana gida ƙarƙashin rigunan Sallah. Da na dawo na fiddo ta na rubuta Chafe. Hannuna bai karye ba, garin kuma bai sauya ba.

In abu bai gane ka ba, ka gwada faɗa masa yadda yake ji. Mutane ma haka. Za ka tarar da waɗanda ba su iya kiran sunanka daidai ba a can. Ka amsa, ka yi aikinka.

Aibinta na biyu ya kusa kai ni lahira da mutum tara. Robar da ke riƙe ta a gilashi, in rana ta gasa ta, saki take yi. Muna gangarowa daidai Kwatarkwashi da azahar sai ta faɗo, ta gangara ƙarƙashin birki. Maimakon in sassauta in tsaya, sai na duƙa in ɗauko, mota na gudu. Da na ɗago, dawa nake gani ta ko'ina. Allah Ya sa gona ce ba rami ba. Ba wanda ya ji ciwo, sai wata tsohuwa da ƙwaryar man shanunta ta kife a cinyar wani ɗan kasuwa. Ta fito tana salati, ta ce, "Kai direba, mu tara ka bari ka bi rediyo? In ta faɗa rijiya ma binta za ka yi da mu?" Tun ranar na ɗaure na'urar da zare.

Don haka in ka liƙa ta, ka ɗan jiƙa robar tukuna, sannan ka ɗaure ta da zare a wuyan madubi, in ta saki ta yi reto ba ta faɗi ba. Zaren yana nan jiki, kada ka cire don kunya. Ko mi ya faɗi a mota, kada ka duƙa sai ka tsaya. In za ka bar mota ka zare ta, ka goge zoben da robar ke bari a gilashi, don ɓarawo zoben yake dubawa, ya san akwai abu a ciki.

Akwai kuma abin da duk su biyun ba su sani ba, ta jiki da ta liƙawa. Ba su san yau ba. Hanyar da ta fi gajarta suke so, ba ruwansu da wa ke zaune cikin dajin da ta ratsa. Ka san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba sai na rubuta ba. Kafin ka kama kowace doguwar hanya ka shiga tasha ka gai da direbobi, ka tambayi wanda ya fito can yanzu. Kana tafe, ka riƙa lura da masu tahowa. In ka ɗan jima ba mota ko ɗaya da ta gifta ka a titin da ya saba cika, ka nemi gari ka tsaya, ko kibiya na cewa miƙe. In mai tahowa ya yi maka fitila ya juya hannu, ka juya, tambaya daga baya. In la'asar ta yi, ba ratse, ko maigida na kumfar baki a baya. A nan kaɗai na yarda ka yi masa gardama, amma a hankali.

Saura guda, ita ce ban taɓa gaya wa kowa ba, har innarka. Kakanka manomi ne a Bunguɗu, ka sani. Da na ce zan bi mota, ya ce ba da yawunsa ba. Na ce to. Na fita ban yi masa sallama ba. Na ce sai na zama cikakken direba zan koma, ya gani da idonsa. Shi kuma ya ce ba zai aika a kira ni ba, wanda ya fita da ƙafarsa ya dawo da ita. Shekara uku ina wucewa ta Bunguɗu da lodi, ina hango rimin unguwarmu daga titi, in ƙara taka totur. Ba nisa ba ne, ko sandar rake ba za ka gama sha ba ka isa. A tashar Gusau wani ya tare ni ya yi mini gaisuwar rasuwarsa, yana zaton na sani. Daga baya ƙanwata ta ce mini duk ranar kasuwa sai ya fito bakin titi ya zauna, wai yana kallon motoci. Bai taɓa ɗaga hannu ba, ni ban taɓa tsayawa ba. Na daɗe ina ganin laifinsa. Tun ran Lahadi nake ganin kaina zaune a wurinsa, kuma ban ji daɗin zaman ba.

To ka ji. Maganar da na yi, cewa mota ta sa maka albarka, na janye ta. Ba ta dace da bakin uba ba. Na sa maka albarka, Murtala, duniya da lahira, kuma ban ɗaura ta a kan komi ba. Ko ka karɓi na'urar ko ka bar ta, albarkar taka ce. Na'urar dai tana nan, in ka ga dama. Har yanzu ina ganin kuskure ne ka tafi ba ita, wanga kam ban janye ba.

Amma ba na son ka tafi da albarkar takarda. Motar Abuja, kowacce ka shiga, dole ta bi ta Tsafe. Jibi in Allah Ya kai mu, daga an sallame asuba ina bakin titi, daidai masu ƙosai, gefen hagunka in kana fitowa daga Gusau. Ka zauna kusa da taga. Ka ce wa direba ya tsaya minti biyu. In ya yi gardama, ka ce masa Haruna na Tsafe ne ubanka, in tsoho ne ya san ni, in yaro ne ya tambayi ubangidansa. Ban san motar da za ka shiga ba, don haka kowacce ta taho zan ɗaga mata hannu.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci, Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, Ya sa kowace hanya ka kama ta sauke ka cikin aminci. Ka gai da Saratu da maigidanta. Innarka na gaishe ka, ko da yake ba ta faɗa mini ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna Direba, Tsafe.